Kafin ka ɗaura wa babur ɗinka hon ɗin mota

Wata magana ta zauna daram a bakin masu babura daga Kwanar Dangora har Doguwa: wai hon ɗin da kamfani ke ɗaura wa babur ba na hanyarmu ba ne, da ya ɗan kwana biyu sai muryarsa ta dushe, don haka magani shi ne a cire shi a sa na mota. Leƙa rumfar gyara a Kiru ko Tudun Wada ranar kasuwa, da wuya ka rasa wanda ya zo da wannan buƙata, da yaron shagon da zai biya masa ita ba tare da tambayar komai ba. Ana ɗaura sabon, a murɗa totur, ya yi kuwwa a ƙofar shago, mai babur ya biya ya tafi yana murna. Bayan 'yan makonni sabon hon ɗin ma ya shaƙe, batir kuma ya fara kwana babu wuta.

Abin yana damuna ne saboda irin hanyar da muke bi. Titin da ya tashi daga Kwanar Dangora ya ratsa Tudun Wada ya shiga dajin Falgore ya nufi Saminaka da Jos titi ne na manyan motoci da kwanoni da garken shanu masu tsallakawa. Mutumin da ya ɗauro buhu biyu na masara daga Doguwa ba ya iya taka birki ya tsaya nan take, muryar hon ɗinsa ce ke riga shi isa. Kuma baburan namu ba yara ba ne. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, ƙauye ne ya zama gidan baburan Jincheng da Boxer, kuma a nan ake morar su har su tsufa tukuf.

A mafi yawan lokuta hon ɗin da ake cirewa a jefar lafiyarsa ƙalau. Yunwar wuta ce ke damunsa. A cikinsa akwai naɗin waya da ke zama maganaɗisu idan wuta ta shiga, ya fizgo wani siririn faifan ƙarfe. Fizgowar ce ke raba wasu 'yan maki biyu da wutar ke bi, sai ta yanke, faifan ya koma, makin su sake haɗuwa. Haka zai yi ta yi sau 300 zuwa 500 a daƙiƙa ɗaya, wannan karkarwar ita ce ƙarar da kake ji. Idan wutar da ta iso ba ta kai ba, faifan ba ya samun fizga mai ƙarfi, sai murya ta fito a shaƙe.

Manoman rani na Kadawa sun fi kowa gane wannan. Ruwa na iya cika madatsar Tiga maƙil, amma idan kwatar da ke kawo shi gonarka ta cushe da kacalla da laka, ɗigo-ɗigo zai iso. Wanda ya ga tumatirinsa na yaushi sai ya ƙara faɗin gonar, me ya gyara? Ya ƙara bakunan da za su sha ruwan da tun farko bai isa ba. Batir shi ne madatsar, wayoyi da madanni su ne kwatar. Hon ɗin babur yana jan abin da bai wuce amfiya biyu ko uku ba, na mota guda ɗaya kan ja ninkin haka, ga shi sau da yawa biyu ake haɗawa. Duk wannan nauyi za a ɗora wa siririyar wayar da ta shekara goma tana shan rana, da ɗan madannin da ke ƙarƙashin babban yatsanka. Ƙarshenta madannin ya ƙone, ko waya ta yi zafi ta narke robarta. Kuwwar da sabon hon ya yi a shago ma tana da dalili: cirewa da sakawa sun kankare tsatsar bakin waya, kuma injin na kan wuta lokacin gwajin.

Gano inda cutar take ba ya buƙatar dogon ilimi. Kunna babur ka bar shi yana sulo, ka danna hon, sannan ka ba shi wuta ka sake dannawa. Idan murya ta tashi tare da injin, ko fitila ta yi lumshi duk lokacin da ka danna, to ka bar hon ya huta, ka nufi batir da abin da ke yi masa caji. Lafiyayyen batir mai bolt 12 yana nuna kusan 12.6 a mita idan injin na kashe, in an tayar an ba da wuta ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Idan bai hau ba, rektifaya ce ko koyil ɗin caji, kuma ko sabon batir ka saya zai bi sahun tsohon.

A nan ne dole a faɗi abin da kowa ya sani. Babura da yawa a karkararmu ba su da batir ko kaɗan, ko kuma gawarsa ce kawai a ƙarƙashin murfi. Tun da kuɗin mai da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi daga 2023, mai babur yana ganin tunda kik na tayar masa, batir ado ne. To amma irin wannan babur sai yana gudu hon ɗinsa ke magana. Lokacin da ka sassauta a cikin kasuwa ko a bakin makaranta, inda yaro zai iya faɗo maka, a daidai nan yake yin gum.

Idan batir na da rai, ɗauki 'yar waya biyu ka haɗa hon kai tsaye da shi. In ya yi ƙara tangaran, kwatar ce ta cushe. Buɗe madannin, za ka ga ƙurar hunturu da koren datti a kan tagullar, goge su da samfefa. Duba kuma inda waya ke komawa jikin ƙarfen babur, domin a tsofaffin babura da yawa wutar hon ta jikin kan babur take komawa, kuma tsatsa ɗaya a wurin ta isa ta kashe murya. Wannan wuri ne masu gyara suka fi tsallakewa, don ba a sayar da komai a kansa.

Sai idan an haɗa kai tsaye bai yi ba ne za a tuhumi hon. Ko a nan ma ba a gaggawar jefarwa. A bayansa akwai wani ɗan sukuru na saiti, a juya shi kaɗan-kaɗan ana dannawa har murya ta washe. A duba ko faɗuwa ta lanƙwasa mariƙinsa har ya jingina da wani ƙarfe, domin abin da aka danne ba ya karkarwa. Masu wankin babur da ke feshe shi da ruwa mai ƙarfi su ma suna da nasu alhakin.

Wanda aikinsa ya sa lallai sai ya sa babban hon, irin masu bin Falgore da dare ko masu hawa Riruwai, hanyarsa ita ce rile. Ɗan akwati ne da ke jan wuta kai tsaye daga batir ta waya mai kauri, madanni kuwa umarni kawai yake ba shi. A haɗa masa fis na gaskiya. Al'adar nan ta ɗaure gurbin fis da zaren waya ta ƙone wayarin ɗin babura ba adadi.

Dokar hanya ta ƙasa ta wajabta wa kowane abin hawa hon mai aiki. Jami'an da ke tsayawa a kan titunanmu sun iya tambayar takarda, da ma za su riƙa cewa direba ya danna hon su ji, aikin daƙiƙa biyu ne. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ma suna da ikon da ya fi na jami'i, tunda su ke ba da layi a tasha. Mita ɗaya a ofishin ƙungiya ta isa a auna batirin kowane ɗan layi kafin damina ta sauka.