Taurin Jijiyoyin Jini: Ciwon da Ba Ya Sallama

Daga Kafanchan zuwa Kagoro da Zonkwa, da wuya ka sami gidan da ba a san hawan jini ba. Abokin tafiyarsa ne ba a cika ambata ba, wato taurin jijiyoyin jini. Lafiyayyar jijiya kamar sabon tiyon roba take: zuciya ta turo jini ta buɗe, sannan ta koma. Tsufa, hawan jini, ciwon suga, taba da yawan gishiri su ke sa ta ƙandare. Daga nan zuciya ta shiga wahala, ƙoda da ƙwaƙwalwa su riƙa shan bugu, har wata rana a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, a ce sammu ne.

Ana iya auna wannan tauri ba tare da allura ko fiɗa ba. Likita na ɗora na'ura a wuya da matsematsi, ya ga saurin da bugun jini ke yi tsakanin wuraren biyu. Jijiya mai tauri ta fi saurin kai bugun. A matashi mai lafiya yakan yi kusan mita 6 a daƙiƙa. Ƙa'idar likitocin Turai ta 2013 ta ɗauki abin da ya haura mita 10 a matsayin alamar lahani. Irin sikanin da ake yi wa masu juna biyu ma yana nuna yadda jijiyar wuya ke buɗewa da kaurin bangonta, na'urar MRI kuwa tana duba babbar jijiyar da ta fito daga zuciya.

Wannan aikin ƙwararru ne. Masu yawo kasuwa da 'yar kwamfuta, su ba ka ƙarfe ka riƙe, su ce jijiyarka ta toshe, su miƙo maganin dubban nairori, ba awo suke yi ba, ciniki ne.

Awon hawan jini na yau da kullum ma yana ba da haske. Idan dattijo ya sami 160 bisa 80, tazarar 80 ke nan, alhali daga 60 zuwa sama likitoci kan zargi taurin jijiya a masu shekaru. A nuna wa likita sakamakon awon a asibiti. In da bukata, shi zai tura mutum asibitin koyarwa na Jos ko na Shika. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.