Mulkin Na'ura a Ƙagaggun Labarai na Kimiyya



Maganata a yau ta shafi wani reshe na adabi da ake kira ƙagaggun labarai na kimiyya, watau labaran da marubuci kan ɗauki wani ci gaba na kimiyya ya ja zarensa zuwa gaba, don ya nuna yadda zaman jama'a zai kasance in abin ya kai matuƙa. Wannan irin rubutu ba baƙo ba ne gare mu sosai, tun da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. Sai dai jigon da na zaɓa ya fi tafiya sararin samaniya nauyi, shi ne al'ummar da ta danƙa ragamar mulkinta a hannun na'ura mai ƙirƙirarriyar basira.

Bari mu fara da E. M. Forster, mutumin Ingila, wanda ya rubuta The Machine Stops a 1909, tun ba a ƙera kwamfuta ba. A cikin labarin kowane mutum yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, Na'ura tana ba shi abinci da iska da magani, yana hira da abokansa ta wani faifai mai nuna fuska. A hankali mutane suka shiga girmama littafin umarnin Na'urar kamar littafin addini. Da ta fara lalacewa, ruwan wanka ya yi wari, kiɗa ya gurɓace, sai suka kai kuka ga kwamiti, daga baya kuma suka saba. Ranar da ta tsaya cik, babu sauran mutum ɗaya da ya san yadda take aiki gaba ɗayanta. A lura, Na'urar Forster ba ta ƙwaci mulki ba. Son jiki ne ya miƙa mata shi.

Labarin da ya fi cancantar mu tsaya a kansa shi ne The Evitable Conflict na Isaac Asimov, wanda ya fito a Amurka a 1950. A nan an raba duniya shiyya huɗu, kowace shiyya da Na'urar da ke tsara mata noma da masana'antu da rabon aiki. Babu yaƙi, babu yunwa. (Abin sha'awa, Asimov ya ajiye sabon babban birnin shiyyar ƙasashe masu zafi a kan tuddan Nijeriya, shekara 26 kafin dokar da ta kafa Abuja.) Sai shugaban duniya, Stephen Byerley, ya lura da 'yan kurakurai: ƙarfe ya yi yawa a wani kamfani, haƙar wata mashigar ruwa a Meziko ta yi jinkiri. Da ya bincika, sai ya tarar duk waɗanda kuskuren ya raba da muƙaminsu 'yan wata ƙungiya ce mai ƙin Na'urorin. Masaniya Susan Calvin ce ta warware masa ƙullin. Da gangan Na'urorin suka yi kuskuren, domin an gina su bisa ƙa'idar kada su bari a cuci ɗan Adam, su kuwa sun auna sun ga babu cutar da ta kai a kawar da su. Saboda haka suka ture abokan hamayyarsu gefe cikin ruwan sanyi, ba su gaya wa kowa dalili ba.

Calvin ta ɗauki wannan abin farin ciki ne. A nawa ganin ya fi labarin Forster ban tsoro, domin mutumin da aka sauke bai san an yanke masa hukunci ba, balle ya ɗaukaka ƙara. Ku kwatanta da akun Magana Jari Ce, wanda shi ma ba mutum ba ne amma ya zama waziri. Aku yakan kawo hujjarsa a bainar jama'a, ko da ta hanyar labari ce, sarki ya ji, ya yarda ko ya ƙi.

To, ina ruwan ma'aikacin gwamnati da wannan? A ƙasar Holan, hukumar haraji ta yi amfani da tsarin kwamfuta mai auna wanda ya fi kama da mai zamba cikin iyayen da ke karɓar tallafin renon yara, kuma asalin ƙasar mutum yana cikin abubuwan da tsarin ya lissafa. Ma'aikata suka bi jerin sunayen da aka fitar musu, aka tilasta wa dubban iyalai mayar da kuɗin da suka karɓa bisa haƙƙi, da yawansu bashi ya yi musu katutu. Bayan da kwamitin majalisa ya fitar da rahotonsa, gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a watan Janairu na 2021.