Idan Rumbun Bayanai Ya Kama da Wuta: Tanadin Wurin Ko-ta-kwana

Da tsakar daren 10 ga watan Maris na shekarar 2021, gobara ta tashi a cibiyar adana bayanai ta kamfanin OVHcloud da ke birnin Strasbourg, a gabashin ƙasar Faransa. Gine-gine huɗu ne a wurin, maƙare da na'urori masu ƙwaƙwalwa. Kafin gari ya waye ɗaya ya ƙone ƙurmus, wani ya ƙone ta gefe guda, sauran biyun kuma aka yanke musu lantarki. Ba a yi asarar rai ba, amma shafukan intanet kimanin miliyan 3.6 sun ɗauke a ranar. Waɗanda suka ajiye kwafin bayanansu a wani gari sun farfaɗo. Wasu kuwa sai a ranar suka gane cewa kwafin da suka dogara da shi yana cikin harabar da wutar ta ci, ya tafi tare da na asalin.

Irin wannan rana ce ake yi wa tanadin wurin ko-ta-kwana, wato wata cibiya ta biyu da za ta karɓi aiki idan ta farko ta faɗi, ko dalilin gobara, ko ambaliya, ko harin masu kutse.

Na'urorin da ke cikin irin waɗannan cibiyoyi su ake kira saba. Saba kwamfuta ce mai ƙarfi wadda ba ta barci, aikinta ta yi wa sauran kwamfutoci hidima: ita ke riƙe da asusun banki, da sakamakon jarrabawa, da takardun marasa lafiya a asibiti. A da, kowane aiki da sabarsa ta ƙarfe. Don haka duk ma'aikatar da ke son wurin ko-ta-kwana sai ta sayi wasu na'urorin iri ɗaya sak da na gida, ta jibge su a wani gari suna zaman jira. Idan ƙirar ta bambanta, manhajar da aka kwafo tana iya ƙin tashi. Tsadar wannan ta sa ma'aikatu da yawa suka haƙura.

Sabar kwaikwayo ce ta sauya lissafin. Akwai wata manhaja mai rabo da ake ɗorawa a kan babbar na'ura guda, ta yanka ƙarfinta gida-gida, kamar yadda mai gidan haya ke raba ɗakuna. Kowane kaso yana aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta, da ƙwaƙwalwarsa da ma'ajinsa, bai ma san yana da maƙwabta ba. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin kamfanin IBM ya gwada ta a manyan na'urorinsa tun cikin shekarun 1960. Ta bazu ne bayan da aka kafa kamfanin VMware a 1998, sannan manhajojin Xen da KVM suka biyo baya. Abin lura a nan shi ne, sabar kwaikwayo ɗungurungum tarin fayil ce kawai. Ana iya kwafe ta, a aika da ita wani gari ta waya, a tashe ta a kan wata na'ura dabam, ta ci gaba da aiki. Bugu da ƙari, na'urori kaɗan a wurin ko-ta-kwana suna iya ɗaukar sabobin kwaikwayo masu yawa, ko ma a yi hayar gurbi a cibiyar wani kamfani.

Sai dai sauƙin kwafi ba ya maye gurbin shiri. Kafin a sayi ko da waya ɗaya, tambayoyi biyu ake amsawa. Ta farko: bayanan tsawon wane lokaci ma'aikata za ta iya jure rasawa? Makarantar da ke kwafe rajistarta kowane dare, idan masifa ta auku da yamma, aikin yini guda ta rasa, kuma malamai za su iya sake shigar da shi. Banki kuwa ba zai yarda ya rasa cinikin ko da minti biyar ba. Ta biyu: awa nawa za a iya zama ba aiki kafin ɓarnar ta fi ƙarfin ma'aikata? Duk yadda aka matse waɗannan lokuta biyu, haka kuɗin ke hawa, shi ya sa ake jera ayyuka bisa muhimmancinsu maimakon a yi musu kuɗin goro.

Daga nan sai batun nisa, kuma a nan ne ilimin fiziya ke shigowa. Dole wurin ko-ta-kwana ya yi nisan da gobara ɗaya, ko ambaliya ɗaya, ko ɗaukewar lantarki ɗaya ba za ta haɗa shi da na farko ba. Amma nisan yana da farashi. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kashi biyu cikin uku na gudunsa a sarari. Saƙon da zai je wuri mai nisan kilomita 100 ya dawo yana cin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ga ɗan Adam wannan ba komai ba ne, amma ga sabar da ke jiran tabbacin isar kowane rubutu kafin ta yi na gaba, jinkiri ne babba. Saboda haka idan wurin ya yi nisa sosai, akan bar kwafin ya riƙa bin na asali a baya da 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci.

Faɗin hanyar ma abin lissafi ne, kuma ɗalibi zai iya yin sa a allo. Terabayit ɗaya daidai yake da megabit miliyan 8. Idan layin yana ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa, za a ci daƙiƙa 80,000, wato sama da awa 22, kafin a gama turawa. Wannan ne ya sa bayan kwafin farko, abin da ya canza kaɗai ake aikawa.

Akwai kuma wani tarko da gobara ba ta nuna ba. Kwafin da ke bin na asali kai tsaye yakan kwafi cuta kamar yadda yake kwafar lafiya. A watan Yunin 2017, muguwar manhajar nan NotPetya ta afka wa Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmak. Sabobin da ke riƙe da sunaye da izinin shigar ma'aikata suna da yawa, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, don haka cutar ta shafe su tare. Guda ɗaya ta tsira a wani ofishin kamfanin a Afirka ta Yamma, kuma ba dabara ce ta cece ta ba: lantarki ne ya ɗauke, ta fita daga layi kafin cutar ta iso. Da wannan kwafin aka fara sake gini. Kamfanin ya sake ɗora manhaja a kan sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma, ya kuma ƙiyasta asararsa tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Masana harkar suna bin wata ƙa'ida: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Tun da irin waɗannan hare-hare suka yawaita, ana ƙarawa da cewa ɗaya ya kasance a yanke daga layi, ko a kulle yadda ba mai iya goge shi.

Saura gwaji, wanda shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sabobi ba sa tashi barkatai. Mai tantance ma'aikata da mai riƙe da bayanai su ke fara tashi, sannan waɗanda suka dogara da su. Dole a rubuta wannan jeri, da sunan wanda ke da ikon ba da umurnin ƙaura, a kuma ajiye shi a takarda, domin tsarin da ke cikin sabar da ta ƙone ba mai karanta shi. A nan ma sabar kwaikwayo ta kawo sauƙi: ana iya tashin kwafin duka a wani keɓaɓɓen layi da rana tsaka, ba tare da an taɓa aikin gida ba, a duba agogo a ga minti nawa ya ci, a gyara abin da ya ƙi tashi, sannan a kashe shi har zuwa gwaji na gaba.