Tafinta Tsakanin Harsunan Kwamfuta

Ɗalibin da ya sa kwamfuta ta warware masa dogon lissafi da harshen Python yakan ga amsa ta fito nan take. Amma sau da yawa ba Python ne ya ɗauki nauyin aikin ba. Saƙo kawai ya karɓa ya miƙa wa wani harshen da ya girme shi, sa'annan ya dawo da amsa.

Harsunan kwamfuta ba hali ɗaya gare su ba. Fortran, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, sai an juya rubutunsa baki ɗaya zuwa harshen na'ura kafin ya soma aiki, saboda haka yana da sauri ƙwarai. Shi kuwa Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991 a ƙasar Holand, ana fassara umurninsa ne kaɗan-kaɗan a lokacin da yake aiki. Rubuta shi da sauƙi, amma yana da nauyin jiki wajen babban lissafi.

A 1992 masana suka fitar da LAPACK, wato wani rumbu na hanyoyin lissafi da aka rubuta da Fortran domin sarrafa manyan jadawalai na lambobi. Maimakon a sake rubuta wannan rumbu da Python, sai aka sa tafinta a tsakaninsu: wata 'yar manhaja mai karɓar lambobi daga Python, ta shirya su yadda Fortran yake so, ta kira aikin, ta komo da sakamako. Haka NumPy, wanda Travis Oliphant ya jagoranci fitarwarsa a 2006, yake amfani da LAPACK.

Aikin tafintan nan yana buƙatar lura. Misali, mai bincike ya ƙirga sauro a ƙauyuka biyu har wata uku. A ƙauye na farko ya sami 1, 2, 3, a na biyu kuma 4, 5, 6. Bisa al'ada NumPy yana ajiye jadawali layi-layi, wato 1, 2, 3, 4, 5, 6. Fortran kuwa daga sama zuwa ƙasa yake karatu, yana sa ran ganin 1, 4, 2, 5, 3, 6. Idan tafinta ya miƙa lambobin ba gyara, Fortran zai ɗauka ƙauye na farko yana da 1, 3, 5, na biyu kuma 2, 4, 6. Kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba. Za ta ba da amsa, amma amsar ƙarya ce, kuma tana iya shiga rahoton bincike ba wanda ya farga.

Yawancin mutane sukan sauko da NumPy a shirye. Amma wanda na'urarsa ta bambanta da na sauran jama'a, ko yake son sauya wani abu, tilas ya gina manhajar da kansa daga rubutunta na asali. Da farko zai tanadi kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutu zuwa harshen na'ura, kamar GCC domin harshen C da gfortran domin Fortran. Bayan an juya, sai a haɗe tafintan da rumbun. A nan ake yawan tuntuɓe, domin idan ɓangare ɗaya yana ajiye kowace lamba a gurbi 32, ɗayan kuma a gurbi 64, ba za su fahimci juna ba.

Saboda haka ba a cewa gini ya kammala sai an yi gwaji. Ya kamata malamai su saba wa ɗalibai da fara ba kwamfuta ƙaramin lissafin da suka riga suka warware da alƙalami da takarda. Idan amsoshin biyu sun dace, sa'annan a danƙa mata babban aiki.