Tseren Zamiya A Kan Ƙanƙara: Yadda Ake Sanin Hanya

A ƙasashen Turai masu duwatsu, dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa duk lokacin sanyi. A lokacin ne ake tseren zamiya. Ɗan wasa yana ɗaura falanki biyu dogaye a ƙafafunsa, kowane ya wuce mita 2. Yana riƙe sanduna biyu, ya sa hular kwano. Sai ya sulalo daga kan dutse zuwa gindinsa. Babu inji. Gangarar dutsen ce kawai ke jansa.

Ba a sakin 'yan wasa tare. Ɗaya bayan ɗaya suke saukowa, agogo yana ƙirga wa kowa. Wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci.

Hanyar Kitsbuhel

Hanyar da aka fi jin tsoro tana garin Kitsbuhel, a ƙasar Ostiriya. Sunanta Shitiraif. Tun shekarar 1937 ake tsere a kanta, a watan Janairu. Tsawonta ya ɗan wuce kilomita 3. Daga inda ake tashi zuwa inda ake tsayawa, ƙasa ta yi ƙasa da mita 860.

Da ɗan wasa ya tashi, cikin 'yan daƙiƙu zai isa wurin da ake kira Tarkon Ɓera. A nan, in an yi gaba taku 100, ƙasa ta faɗa taku 85. Mutum kan tashi sama, wani lokaci ya yi mita 80 kafin ya dira. Wannan ya kusa tsawon filin ƙwallo.

Daga nan sai kwana mai santsi, raga tana gefe don tare wanda ya faɗi. Tsakiyar hanya ta fi kwanciya. A nan ɗan wasa kan duƙa, ya dunƙule jikinsa don kada iska ta rage masa gudu. Kusa da ƙarshe sai ya ratsa gangara a karkace, ƙafafu sun gaji. A gangarar ƙarshe gudu kan kai kilomita 140 a awa, ya fi na motar haya a kan kwalta.

A 1997 Fritz Strobl na Ostiriya ya gama hanyar cikin minti 1 da daƙiƙa 51 da ɗoriya. Didier Cuche na Suwizalan ya ci wannan tsere sau 5.

Hanya a cikin kai

Mai irin wannan gudu ba shi da lokacin tunani. Sau da yawa ba ya ganin abin da ke bayan tudu. Saboda haka kafin tsere ana barin 'yan wasa su bi hanyar a hankali. Suna duba kowace kwana, kowane rami, da inda tutoci suke. Ana kuma yin gwaji kafin ranar.

Dab da tashi, za a ga ɗan wasa ya rufe ido, yana karkaɗa hannu hagu da dama. Ba barci yake ba. Hanyar yake bi a zuciyarsa, kwana bayan kwana. Kuskure kaɗan kan jawo babbar hasara. A 2009 Daniel Albrecht na Suwizalan ya faɗi a tsallen ƙarshe wajen gwaji. Ya yi kusan mako 3 a asibiti bai farfaɗo ba. Daga baya ya warke.

Ga mai kallo

Talabijin kan sa gangara ta yi kamar shimfiɗaɗɗen fili. Don gane tsananinta, sai a dubi itatuwa da mutanen da ke gefe. Su a miƙe suke, ƙasa ce ta karkace. A kuma lura da lambobin agogo. Kore na nufin ɗan wasa yana gaban na ɗaya, ja kuwa yana baya. Sau da yawa tazarar na ɗaya da na biyu ba ta kai ƙiftawar ido ba.