Lambar 511: Yadda Jihohin Amurka Suka Tsara Wayar Bayanan Hanya ga Matafiya

Kafin shekarar 2000, matafiyin da ke son sanin halin da hanya take ciki a Amurka sai ya fara neman lambar da zai kira. Akwai lambobi fiye da 300 da hukumomi daban-daban suka ware domin wannan aiki, kowace da yankinta, kuma da zarar direba ya tsallaka iyakar gunduma ko jiha, lambar da ya haddace ta daina yi masa amfani. Wannan ne ya sa Ma'aikatar Sufuri ta ƙasar ta miƙa buƙata ga Hukumar Sadarwa ta Tarayya, wato FCC, a watan Maris na 1999, tana neman a keɓe gajeriyar lamba guda ɗaya. Hukumar ta amince a ranar 21 ga Yuli, 2000, ta ba da 511. Ba ƙaramar kyauta ba ce, domin lambobi masu wannan siga guda takwas ne kacal, daga 211 zuwa 911.

Sai dai hukumar lamba kawai ta bayar. Ba ta ware kuɗi ba, ba ta tilasta wa kowa ba, ta bar wa jihohi da ƙananan hukumomi su yanke yadda za a yi. Daga nan ne aikin ya koma hannun ma'aikatun sufuri na jihohi. Domin kada kowa ya kama gabansa, ƙungiyar jami'an hanyoyi ta jihohi, AASHTO, da ƙungiyar masu sufurin jama'a, APTA, da ITS America suka haɗa kai da ma'aikatar tarayya suka fitar da ƙa'idojin aiwatarwa. Ita kuma ma'aikatar ta yi tayin dala 100,000 ga kowace jiha domin shirya tsarinta.

Abu mafi wuya a tsarin shi ne abin da mai kira ba ya gani, wato hanyar da kira yake bi. Ita 511 ba ta kai kowa ko'ina da kanta. Dole kowane kamfanin waya ya gyara na'urorinsa ta yadda idan an danna lambar za a karkatar da kiran zuwa wata doguwar lamba ta cibiyar jihar. Ke nan sai jiha ta zauna da kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, manya da ƙananan na karkara, a daidaita wanda zai biya kuɗin gyaran. Wayar gida tana da sauƙi, tunda an san inda take. Wayar hannu kuwa da hasumiyar sadarwa take magana, ita kuma hasumiya ba ruwanta da iyakar jiha. Direban da ke kusa da kan iyaka yana iya faɗawa cibiyar maƙwabciyar jiha, ya ji labarin hanyar da ba ita yake bi ba. Maganin da aka samu shi ne cibiyoyin maƙwabta su riƙa miƙa wa juna kira. Abin lura ne cewa wurin da aka fara amfani da lambar, a watan Yuni na 2001, shi kansa bakin iyaka ne: arewacin Kentaki, inda Kogin Ohayo ya raba yankin da birnin Cincinnati.

Bayan hanyar kira sai abin da za a faɗa wa mai kiran. A nan ne bambancin jiha da birni yake fitowa fili. Mazaunin babban birni cunkoso ne damuwarsa, da lokacin zuwan bas ko jirgin ƙasa, kamar yadda aka gani a tsarin yankin San Francisco da aka buɗe a ƙarshen 2002. Mai tuƙi a filayen Nebraska, jihar da ta fara game dukkan faɗinta da 511 a watan Oktoba na 2001, shi tambayarsa ita ce ko ƙanƙara ta rufe babbar hanya mai lamba 80. Bayanan suna zuwa ne daga 'yan sandan sintiri, da ma'aikatan gyaran hanya, da kyamarori, da na'urorin auna yanayi da aka kakkafa a gefen titi. A ganin mai wannan rubutu, nan ne ƙashin bayan aikin, ba a na'urar amsa kira ba. Matafiyin da aka ce masa hanya a buɗe take ya je ya tarar da ita a rufe, da wuya ya sake kira.

Akwai kuma batun harshe, wanda masu nazarin harshe za su fi sha'awa. Tsarin farko na danna maɓalli ne, amma danne-danne ga wanda ke riƙe da sitiyari haɗari ne. Jihar Yuta ta buɗe nata tsarin a watan Disamba na 2001, gab da wasannin Olamfik na hunturu na 2002, da na'ura mai gane magana. Na'urar irin wannan dole a koya mata sunayen garuruwa kamar yadda mutanen wurin suke furta su, alhali da yawa daga cikin sunayen sun samo asali ne daga Sifaniyanci ko harsunan 'yan asalin ƙasar, rubutunsu daban, furucinsu daban. Dole kuma a san cewa hanya ɗaya tana iya samun lamba a takarda da wani suna a bakin jama'a. Ga ƙarar mota da iska a bayan muryar mai kira. Daga baya jihar Florida ta ƙara Sifaniyanci a tsarinta saboda yawan masu magana da shi.

Kuɗi shi ne ragowar matsalar. Ƙa'idojin sun nemi kada kiran ya ci wa mutum fiye da kuɗin kiran cikin gari, don haka jiha ce ke ɗaukar nauyin mintocin. Kiran kuma ba ya zuwa daidai wa daida: a ranar da guguwar dusar ƙanƙara ta taso, yana ninkuwa sau da yawa a cikin sa'o'i kaɗan, kuma ranar ce aka fi bukatar kada layi ya cushe. Mai tsarawa sai ya zaɓa tsakanin sayen layukan da za su zauna banza mafi yawan shekara, ko hayar kamfanin da zai buɗe ƙarin layuka idan bukata ta taso.

Da wayoyin zamani suka yaɗu, yawan kira ya ragu, jihohi da dama suka mayar da sunan 511 kan shafukan intanet da manhajoji. Jihar Washinton ta rufe layinta na waya a 2023. Wasu jihohin suna riƙe da nasu har yanzu, musamman saboda yankunan karkara inda kira yake shiga amma intanet ba ta da ƙarfi.