Tallar Cakulan Don Kuɗin Zuwa Washinton

A makarantu da yawa na Amurka, yaro na kai aji takwas, yana ɗan shekara 13 ko 14, zancen da ke bakin kowa shi ne tafiyar Washinton. A ɗebi aji guda a mota ko jirgi, a kai su su ga majalisar dokoki da gidajen tarihi na Smithsonian. Sau da yawa makaranta ba ta biyan kuɗin tafiyar, iyaye ne ke biya. Wanda aljihun ubansa bai kai ba, sai a miƙa masa kwalin cakulan a ce ya je ya nemo.

Talla ce dai, irin wadda muka sani, sai dai babu faranti a ka, kuma da manyan kamfanoni a bayanta. World's Finest Chocolate na birnin Shikago tun 1949 yake wannan harka da makarantu. An daɗe ana sayar da sandar cakulan ɗinsa dala 1, kwali na ɗauke da 60, rabon makaranta kuma yakan kai rabi. To, a yi lissafi. A ce kuɗin tafiya dala 600 ne. Kowane kwali ribarsa dala 30, ke nan sai yaro ya sayar da kwali 20, sanda 1,200, kafin ya samu kujera a mota. Kamfani kuwa ya karɓi nasa rabin ba tare da ya biya ɗan talla ko sisi ba.

Kasuwar da ta fi kusa da yaro ita ce ajinsa, nan kuma doka ta tsaya masa. A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar inganta abincin yara, wadda matarsa Michelle ta tsaya kai da fata a kanta saboda yawan ƙiba. Daga Yulin 2014 Ma'aikatar Noma ta kafa ƙa'ida: abin taɓa ka lashe da za a sayar wa ɗalibai a harabar makaranta kada ya wuce kalori 200, sukarinsa kada ya haura kashi 35 cikin 100 na nauyinsa. Ƙa'idar na aiki daga tsakar dare har minti 30 bayan tashi. Alewa ba ta tsallake wannan siraɗi, sai in jiha ta ware wasu ranaku na tara kuɗi.

Wasu garuruwan ma sun riga gwamnatin tarayya hana cinikin alewa a makaranta. A New Haven ta jihar Connecticut, a 2008, an dakatar da wani ɗan aji takwas don kawai ya sayi ƙullin alewar Skittles a hannun ɗan ajinsu. Sai da jaridu suka yi ca aka janye hukuncin.

Saboda haka kwalin ya koma gida. Uwa ta kai shi ofis, uba ya tallata wa abokan aiki, yaro ya bi ƙofa-ƙofa da yamma. A nan ne, a ganina, dabarar ta karkace. Ɗan unguwar masu hali, ofishin uwarsa kaɗai na iya kwashe kwali a wuni guda, alhali ko babu cakulan za a biya masa. Ɗan unguwar talakawa kuwa maƙwabtansa su ma lissafin kuɗin haya suke yi, kuma a layin nan nasu akwai wasu 'yan ajinsu, kowa rungume da irin kwalinsa.